Tukunyar da Ake Kira Butar Malam

Baƙuwa in ta zo biki unguwarmu a nan Talata Mafara takan yi sororo idan ta ji an ce a tafi gidan Inna Zuhura a aro Butar Malam, za a ɗora tuwo. Tana cikin tunanin yadda ake tuƙa tuwo a buta, sai ta ga an shigo da ƙatuwar tukunya, mata biyu na riƙe da kunnuwanta. Ni ce Zuhurar, tukunyar kuma tana kife a bayan ƙofar ɗakina duk ranar da ba ta fita aro ba. Sai dai ba labarina na zauna rubutawa ba. Labarin wanda ya zuba ta ne, Gajere mai tukwane, wanda katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da rumfarsa.

Sunansa na yanka Sharhabilu. Kakarsa ce ta gwada faɗi ranar suna harshenta ya harɗe, ta ce sunan ya fi yaron tsawo, ita dai Gajere za ta riƙa kira. Yaro ya tashi ya yi ta miƙewa har sai ya sunkuya yake shiga zaure, amma sunan ya zauna daram.

Asalinsu mutanen Dakko ne, can ƙasar Bakura, gidan maƙera tun kaka da kakanni. Ubansa abokin maigidana ne, Malam, Allah ya jiƙansu duka. Yakan zo zaurenmu bayan la'asar su yi ta hira, ni kuwa ina daga ciki ina tsintar shinkafa ina jiyowa. A bakinsa na ji yadda ake samun ƙarfe a da. Ya ce yana yaro ya riski ƙarshen zamanin tama: maza su fita daji su haƙo tama, dutsen da ƙarfe ke ciki, su sare itatuwa su ƙone gawayi tuli, su gina dogon murhu na laka, su yi kwana da kwanaki suna ba shi wuta. Bayan duk wannan wahala, abin da za a zaro dunƙule ne da bai fi kan ɗan maraƙi ba, shi za a raba a yi hauya da lauje. Shi ya sa a lokacin ba a yar da ƙarfe. Hauya in ta cinye ta koma wuƙa, wuƙa in ta cinye ta koma basilla.

Sai motoci suka shigo ƙasar, suka kuma fara mutuwa a gefen hanya. Ya ce ranar da ya fara sa sifirin mota a wuta ya ji yadda yake amsa guduma, ya gaya wa 'yan'uwansa su bar wahalar daji, Allah ya kawo tama har bakin titi. Da aka zo aikin madatsar ruwa ta Bakolori injuna suka cika ko'ina, sai ya tattaro iyalinsa ya dawo Mafara, kusa da inda ƙarfe ke tsufa.

Gajere ya koyi ƙira a hannun ubansa, amma zuciyarsa ba ta zauna kan baƙin ƙarfe ba. Wani mutumin Maraɗi ya sauka kasuwa yana zubin tukwane da farin ƙarfen nan mara nauyi da muke ce wa dalma, Gajere ya manne masa har ya iya. Uban ya yi ta mita, wai ƙarfen da ba a duka ba ƙarfe ba ne, wannan ai girki ne, a dama a zuba kamar kunu. Amma na lura tuwon gidansa a tukunyar ɗan ake tuƙa shi, kuma bai taɓa mayar da kwano da saura ba.

Tun da ya kama sana'ar, rabin mako yana yawo, rabi yana gaban wuta. Da keke ya fara, daga baya ya sami babur. Yakan ɗaura buhuna hagu da dama, ya rataya mayen ƙarfe da ya ciro daga tsohuwar rediyo, ya bi Morai da Garbadu, wani lokaci har Maradun, yana kira ƙofa ƙofa: “Tsohon ƙarfe, ɓulalliyar tukunya, a hito da su su sha iska!” Abin da mayen ya kama na 'yan'uwansa maƙera ne, ko na manyan motocin da ke kwasa zuwa kudu a narke a yi rodin gini. Abin da mayen ya ƙi, wannan nasa ne.

Ni ba mai zurfin karatu ba ce, yaƙi da jahilci na yi da 'yar islamiyya, amma ina da ido. Da can bayan gidanmu juji ne na gwangwanaye da fasassun kwanoni. Damina in ta sauka su tara ruwa sauro ya yi gida, kuma ba shekarar da ba a ɗauko wani da yankan gwangwani a ƙafa. 'Yata ta tsakiya har yau tana da tabon. Yanzu ko da gangan ka bi lungun nan ba ka samun marfin kwalba. Tukunya kuma ta daina mutuwa. Ta ƙasa in ta fashe sai kasko, amma ta dalma in ta ɓule a kai wa Gajere, ya ƙara mata ɗan abin da ya samu, ta dawo sabuwa.

Malam manomin shinkafa ne a gonakin madatsar Bakolori, ba malamin zaure ba, yawan zuwa masallaci ne ya ja masa sunan. Yana da wata butar dalma da na tarar da shi da ita. Da ita yake zuwa gona, da ita yake zuwa masallacin tasha, inda duk matafiyin da ya rasa buta yakan miƙa masa. Ta lotse, ta ɓule, Gajere ya liƙe ta ya fi a ƙirga, kullum yana cewa a ba shi ya narke ta ya huta, Malam yana cewa sai bayan ransa. A ƙarshen rayuwarsa ciwon ƙafa ya kama shi, aka ba shi sandunan dalma a asibiti. Da ya rasu aka raba gado, 'ya'ya suka bar mini butar da sandunan da wani mataccen injin ban ruwa da ba wanda ya so.

Shekarar da na fita takaba abin ya faru. A lokacin Gajere yana sayen gwangwanayen lemo da ake matsewa a cika buhu, motocin da suka kai kaya kudu su dawo da su. Wata Talata, kasuwa ta cika, Jafaru direba ya zo karɓar tukunyar matarsa Zakiyya, mai sayar da abinci a tasha. Buhu ɗaya ya yage, gwangwanaye suka zube. Jafaru ya ɗauki wani da ya lotse har rubutunsa ya goge, ya juya shi sau ɗaya, ya ce wannan ai na giya ne. Har ya faɗi sunanta da garin da ake yin ta.

Gajere bai iya karatun boko ba, shi duk gwangwani gwangwani ne. Ya karɓa ya duba, ya ce, “To, Allah shi ƙara maka sani, Jafaru.”

Na san Gajere, da zuciya ɗaya ya faɗa. Amma mutanen da ke rumfar suka fashe da dariya, wani ya tambayi Jafaru a wace makaranta ake koyar da wannan. Jafaru ya tafi gida da zafin abin, ya bar tukunyar. Abin da ya gaya wa matarsa ban sani ba. Na dai san kafin wata Talatar ta zagayo, babu gidan da ba a ce wa tukwanen Gajere tukwanen mashaya.

Zakiyya ba muguwa ba ce. Mace ce mai tsabta har ta wuce misali, irin wadda ta kusa wanke itacen girki kafin ta sa a murhu, ga baki kamar reza. Ita da gaske ƙyama ta kama ta. Ta ce shekara da shekaru tana ciyar da masu salla a cikin abin da ya ɗauki haram. Ta kwashe tukwanenta ta jibge a ƙofar rumfarsa. Wasu matan suka kife nasu, wasu suka mayar da su mazubin ruwan kaji, aka koma zaƙulo tsofaffin tukwanen ƙasa daga ƙarƙashin rumbu.

Aka kai magana gaban liman. Ya ce ko kwanon ƙarfe da najasa ta taɓa in an wanke ya tsarkaka, balle abin da ya shiga wuta ya narke ya sake kama. Ya ce shi kansa a irin tukunyar ake dafa masa, kuma ba zai daina ci ba. Maza suka ji a masallaci suka gamsu. To amma ba maza ke girki ba, kuma ƙyama ba ta kunne take fita ba.

Sai dattawan unguwa suka nemo wa Gajere hanya mai sauƙi. Suka ce ya tsaya gaban mutane ya rantse cewa irin wannan gwangwani bai taɓa shiga wutarsa ba, magana ta mutu. Gajere ya sunkuyar da kai.

“Buhunan da na narke can baya, ban san mi ke cikinsu ba,” ya ce. “Ƙaƙa za ni rantse kan abin da ban gani ba?”

Wannan gaskiyar ita ta ƙarasa shi. Aka ce to ga shi ya amsa da bakinsa.

Ni da ƙarar kekensa nake sanin hantsi ya yi. Ƙafar keke ce ya haɗa da ɗan fanka, ana juyawa tana hura wuta, ita ta maye gurbin zugazugin ubansa. In na ji ta fara kuka sai in tashi in yi sallar walaha. Sai ƙarar ta fara tsallake kwanaki, daga baya ta ɗauke ɗif. Masu taya shi aiki suka watse neman abinci.

Wata safiya matarsa Hafiza ta shigo, muka gaisa, ta zauna bakin tabarma tana murza gefen mayafi. Ta ce Gajere ya yi magana da wani mai mota, in an gama yankan shinkafa zai bi shi kudu ya shiga cikin masu lodin tsohon ƙarfe. Ta ce ba yunwar ce ta fi ci masa rai ba, wutar ce. Tun daga Dakko ba a taɓa rufe maƙera a gidansu ba, ga shi a hannunsa za ta mutu, kuma da sunan mashaya, shi da ko taba bai taɓa kai wa baki ba.

Na yini ina juya abin. Ni ban daina girki a tukunyarsa ba, amma girkin tsohuwa ita kaɗai a ɗaki wa ya gani? Matar babban ɗana kuwa ta kusa sauka, kuma taron suna sai da babbar tukunya. Na kira 'ya'yan na gaya musu abin da nake so in yi da kayan ubansu. Babban ya ce ai kayana ne.

Aka kai mini injin a baro, na riƙe sandunan, butar kuma na naɗe ta cikin mayafi. Na iske Gajere a rumfarsa zaune gaban matacciyar wuta yana ɗinke buhu. Muka gaisa, ya tambayi gida da 'ya'ya da ƙarin haƙuri, na tambayi nasa har da mutanen Dakko. Sannan na buɗe mayafin.

“Inna, wagga ai butar Malam ce.”

“Na sani, ɗan maƙera. Shekara nawa kana roƙo a ba ka ita?”

“Da wasa nike.”

“Shi kuwa ba da wasa ya ce sai bayan ransa ba. Ga ta. Tukunya nike so, wadda za ta ɗauki tuwon suna. Kuma nan za ni zauna har ka ƙare, don in an tambaye ni in faɗi abin da idona ya gani.”

Ya juya butar a hannunsa, yana bin liƙin da ya yi mata ɗaya bayan ɗaya da babban yatsa. Ya ce abin da ya shiga wuta ba ya dawowa, in koma gida in sake tunani. Na ce na gama. Ya ce mata ba su zama a maƙera. Na ce wanda ya ga mace a nan ya nuna ta, ni tsohuwa ce.

Sai ya tashi ya jawo kaskon narki, wani gindin tulun ƙarfe mai kauri da ya yi baƙi ƙirin, ya karkato mini cikinsa. Duk bangon ya yi farin ɓawo.

“Tunda shaida za ki yi, Inna, ki fara da wanga. Kowane narki shina barin saura. Na kankare iyakar ƙarfina bai fita duka, kuma ba ni da wani kasko. Abin da na narke bara shina nan, har da gwangwanayen. In kayan Malam sunka shiga, da su za su gauraya.”

Duk shirina a kan magana ɗaya na gina shi: in tsaya gaban mata in ce wannan tukunya na san asalinta kaf, babu baƙo a cikinta. Da ya yi shiru da ban taɓa sani ba. Na dubi dogon mutumin nan da ke rushe taimakon da aka kawo masa da hannunsa, na ji haushinsa, na kuma ji ya ƙara shiga raina. Na ce ya hura wuta.

Da yake ba mai juya masa keke, ni na fara juyawa, da hannuna ya gaji Hafiza ta fito ta karɓa. Shi kuwa ya kife wata tsohuwar tukunya cikin akwatin katako, ya cika da ƙasa mai lema, ya hau yana takawa da dugadugai kamar mai kwaɓin gini. Ya raba akwatin, ya zare tukunyar a hankali, siffarta ta zauna a ƙasar. Kafin ya rufe sai ya ce in ba shi marfin butar. Ya danna shi a gefen ƙasar ya ɗaga, zagayensa ya zauna.

Ya fasa injin da guduma, ya bi ɓaraguzan da maye yana ware baƙin ƙarfe. Ya cire robar sandunan ya sare su gunduwa gunduwa. Su kam na yi murnar rabuwa da su, ba su tuna mini komai sai ciwo. Butar ce ƙarshe. Ya kama ta da awartaki, ya dube ni, na ce bismilla. Ta ɗan tsaya a kan ruwan ƙarfen da tsayinta, sannan ta durƙusa a hankali kamar mai zaman tahiya, ta nutse.

Na share idona na ci gaba da kallo, tunda kallo ya kawo ni. A nan na ga abin da ban taɓa sani ba duk zaman maƙwabtakarmu. Datti ba ya zama cikin narkakken ƙarfe. Fenti da baƙin mai da ƙasa, duk tasowa suke yi sama su yi kumfa mai toka toka, Gajere ya sa dogon ludayi ya kwashe ya watsar gefe, ya sake kwashewa. Abin da ya rage fari tas, yana rawa yana ƙyalli kamar wata a cikin rijiya. Shi ya tsiyaya ta ramin da ya bari a akwatin. Ba a jima ba ya fasa ƙasar, ga tukunya tana hayaƙi, a gefenta zanen marfin butar ya fito sarai.

Ranar suna gida ya cika tun hantsi. A unguwarmu in ana babban tuwo Zakiyya ake ba muciya, don tuwonta ba ya gudaji, ni ma ita na aika wa. Ta shigo ta sha ɗamara, ta nufi murhu, sai ta tsaya cak.

“Inna, wa ya zuba wagga?”

“Gajere.”

Masu daka suka dakata. Zakiyya ta ce in yi mata haƙuri, tana ganin girmana, amma hannunta ba zai shiga ba.

Na ce ta zauna ta ji asalin tukunyar tukuna, ko miji ake kawowa ai akan tsaya a ji asalinsa kafin a ƙi. Na faɗa musu injin da ya shayar da gonar da shinkafar yau ta fito. Na faɗi sandunan. Na nuna zanen marfin, na ce butar Malam ce, a gabana ta narke. Fuskoki suka sassauta, wata ta fara yi masa addu'a, Zakiyya ta kai hannu za ta ɗauki muciya. Da na tsaya nan da an wuce wurin. Amma mutumin da na zo tsaya wa bai ɓoye mini kaskonsa ba, ni ma ban ga yadda zan ɓoye musu ba. Na faɗi maganar ɓawon yadda ya faɗa mini.

Zakiyya ta janye hannu. “To kin ji, Inna. Ko ɗigo guda ne, ai shina ciki.”

“Shina ciki,” na ce. “Liman ya ce ƙarfe bai riƙe abin da ya taɓa ɗauka, ni ma abin da na gani ke nan, dattin sama yake tasowa a kwashe. Amma ke kin ce shina riƙewa. To mu bi taki. Gwangwanin nan sau guda anka cika shi, anka shanye, anka yar. Butar nan kuwa tun ba a haife ki ba take ɗaukar ruwan alwala. In ƙarfe na tunawa, wanne zai fi tunawa?”

Sai tsohuwa Taiba, mai sayar da gyaɗa a tasha, da ke gefe tana yankan kuɓewa, ta ce ba tare da ta ɗaga kai ba, ita dai ta sha ganin Jafaru yana alwala da butar nan in ya sauko daga tafiya, ba ta kuma taɓa jin Malam ya tambaye shi inda ya biyo ba.

Wata ta ƙyalƙyale ta toshe baki. Na ji tsoro kada Zakiyya ta yi zuciya ta fita, tunda an taɓa mata miji cikin taro. Ta tsaya tana kallon zanen marfin, ta sa yatsa ta bi zagayensa. Ita ma ta san butar, sau da yawa a randarta Malam yake cika ta. Can ta ɗauki muciya ta juya ga matan da ke tsaye.

“Ku kun tsaya kallona, wutar ga ta isa tuwon mutum nawa? A ƙaro itace.”

Tuwon ya yi kyau. Ita ta fara yankowa ta kai baki a gaban kowa, ta ce miyar ce gishiri bai ji ba.

Abin da ya biyo baya ban shirya shi ba. Kwana kaɗan sai ga mata suna aike wurin Gajere, tsofaffi suna zuwa da ƙafarsu, ana tambaya ko har yanzu da sauran butar Malam a ɓawon kaskon. Gajere ya ba su irin amsar da ya ba dattawa: shi ba zai iya rantsuwa cewa babu ba. Shi ke nan, kowace sai ta ce a zuba mata a wannan kaskon. Aka tayar da tukwanen da aka kife, waɗanda kaji suka ɓata aka kawo a sake. Zakiyya ta aiko a ba ta nata da ta jibge, ya ce suna nan ya adana.

Wannan bai kwanta mini ba sosai. Na bi su ina cewa ƙarfe ba ya ɗaukar zunubi, ba ya ɗaukar lada, alwalar Malam tana wurin Ubangijinsa ba a cikin kasko ba. Liman ma ya maimaita. Sukan ce haka ne, Inna, gaskiya ne, sannan su ce a dai zuba a wancan ɗin. Na bar su, Allah ya san nufin kowa.

Aka yanke shinkafa, mai mota ya zo ya tafi ba da Gajere ba. Yanzu furfura ta fara fito masa, babur ɗin ma ya tsufa, amma yana nan yana zagaya Morai da Garbadu. Mata sukan tattara tsofaffin kayan gidansu, har da ludayin kaka, a zuba musu tukunya mai asali, kuma yana riƙe da asalin kowace a kansa. In ka nuna masa wata a kasuwa zai gaya maka wannan jikar injin wane ce. Gwangwanaye bai daina narkawa ba, sai dai yakan ware waɗanda yake shakka ya mayar wa masu mota. In wani ya shige masa duhu sai ya ajiye gefe, ya ce a bari Jafaru ya dawo daga tafiya. Jafarun kuma yana zuwa ya duba.

Ni yanzu da butar roba nake alwala. Ba ta yoyo, ba ta da nauyi, sai dai ba ta yin ƙarar marfin nan da nake sanin Malam ya dawo. Tukunyar kuwa ba ta zama: yau suna, gobe sadakar mamaci, da azumi kunun masallaci. In an dawo da ita da ƙanzo nakan jiƙa in wanke da kaina, in hannuna ya zo kan zanen in yi wa mai butar addu'a. Sau da yawa ina cikin haka sai in ji keken Gajere ya fara kuka ta bayan katanga, in san hantsi ya yi, in kife ta in tashi.